Tsutsar Hanta ce ko ta Hanji? Tambayoyi da Amsoshi kan Yadda Ake Rarrabe Su a Ɗakin Gwaji

Na daɗe ina aikin duba bayan gida da jini a ɗakin gwaji, kuma a cikin takardun da ke fita daga hannunmu, babu wadda ake saurin yi wa gurguwar fassara kamar wadda aka rubuta mata "an ga ƙwan tsutsar hanta". Mai takarda hankalinsa ya tashi, wani lokaci a rubuta masa maganin da ko gezau ba zai sa tsutsar ta yi ba, mu kuma da muka leƙa madubin ƙara girman ƙananan halittu sau da yawa ba mu tambaye shi abin da ya ci a makon ba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda majinyata, ɗaliban makarantun koyon aikin lafiya, makiyaya da mahauta suka fi yi mini.

Wai mece ce tsutsar hanta? Ita ce ciwon hantar nan da ake yi wa mutane gwaji kafin aure?

A'a, sun sha bamban, suna ne kawai ya haɗa su. Ciwon hantar da ake gwadawa kafin aure ko kafin a ɗauki jinin mutum, wato hepatitis B da C, ƙwayar bairos ce da ido ba ya gani, ana ɗaukarta ta jini, ta saduwa, ko daga uwa zuwa jariri. Tsutsar hanta kuwa halitta ce da za ka ɗauka a hannu ka juya. Fale-fale take kamar ganyen darbejiya, kuma tana zaune ne a cikin hanyoyin da ruwan matsarmama ke bi daga hanta zuwa hanji.

Manya biyu ne. Fasciola hepatica, wadda ba ta cika wuce santimita 3 ba, ta fi son wurare masu sanyi irin Turai da tuddan Kudancin Amurka da na Habasha. Fasciola gigantica ita ce tamu ta ƙasashe masu zafi, tana iya kaiwa santimita 7 da rabi, kuma ita ce mahauta ke cin karo da ita a hantar shanu. Asalinsu na dabbobi ne. Mutum tsautsayi ke kai shi. Duk da haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa aƙalla mutum miliyan 2.4 ne ke ɗauke da su a ƙasashe sama da 70, inda abin ya fi ƙamari a tuddan Bolibiya kusa da tafkin Titikaka, da yankin da kogin Nilu ke shiga teku a Masar.

Sannan akwai ƙanana na Asiya, Clonorchis sinensis da dangin Opisthorchis, masu tsawon santimita 1 zuwa 2, da wata siririya mai suna Dicrocoelium da ake samu a hantar shanu da tumaki har a nan Afirka ta Yamma.

Ta ina take shiga jikin mutum?

Ta baki. Saniya mai ɗauke da ita ta yi kashi a bakin tafki ko fadama, ƙwayayen su ƙyanƙyashe a ruwa, 'ya'yan su shiga jikin wani ɗan ƙaramin dodon koɗi na ruwa su hayayyafa a ciki, sannan su fito su manne a jikin ciyawa da ganyaye, kowane ya lulluɓe kansa da kwasfa yana jira. Dabba ta yi kiwo ta haɗiye. Mutum kuma ya ci ɗanyen ganyen da ya tsiro a irin wannan ruwa ko aka yi masa ban ruwa da shi, ko ya kurɓi ruwan kududdufi, shi ma ya haɗiye. Shi ya sa latas ɗin fadama da aka ɗauraye sama-sama ya fi ba ni tsoro a kan zogalen da aka dafa aka yi kwaɗo da shi.

Mutum ba ya shafa wa mutum. Kuma ba ta huda fata kamar tsutsar tsargiya, wadda shiga ruwan kawai ya isa. Ƙananan na Asiya ta ɗanyen kifin ruwan daɗi suke shiga. Wannan bambancin hanyar shiga a riƙe shi da kyau, domin idan madubi ya kasa raba gardama, shi ake komawa.

To idan a hanta take zaune, me ya haɗa ta da tsutsar hanji har ake ruɗa su?

Ƙwai ne ya haɗa su. Tsutsar tana can cikin hanyar matsarmama tana zuba ƙwai, ruwan matsarmama ya kwaso su ya zuba cikin hanji, su fito a bayan gida, a wuri ɗaya da ƙwayayen tsutsotsin da ke zaune a hanjin. Mu masu dubawa ba tsutsar muke gani ba, ƙwanta muke gani, kuma dangin nan nasu ƙwayayensu kamar an tsaga kara.

Ana auna ƙwan tsutsa da maikiromita, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Ƙwan Fasciola babba ne a ma'aunin wannan aiki: tsawonsa 130 zuwa 150, faɗinsa 60 zuwa 90, na gigantica ma yakan ɗara haka. Mai ruwan ɗorawa ne mai ɗan duhu, ɓawonsa siriri, kuma yana da ɗan murfi a gefe ɗaya kamar na tulu. Akwai wata ƙatuwar tsutsar hanji mai suna Fasciolopsis buski, da ake samu a Sin, Indiya, Bangaladesh da Tailan, a wuraren da ake kiwon alade kusa da tafkunan da mutane ke cire 'ya'yan tsiron ruwa suna ɓarewa da haƙori. Wani likita ɗan Ingila, George Busk, shi ya fara ganinta a hanjin wani matuƙin jirgin ruwa a 1843. Ƙwanta da na Fasciola girma ɗaya, launi ɗaya, murfi ɗaya. Duk ƙwarewar mutum ba zai rantse a kan wanne ne ba da ido kawai. Wasu daga dangin Echinostoma, su ma na hanji, ƙwayayensu na kusantar wannan siffa.

A ɓangaren ƙanana ma haka abin yake. Ƙwan Clonorchis da na Opisthorchis tsawonsu bai wuce wajen 30 ba, siffarsu kamar 'yar buta mai kafaɗa a wajen murfi da ɗan tsiro a gindi. Amma akwai wasu mitsi-mitsin tsutsotsin hanji, irin su Heterophyes da Theodor Bilharz ya gano a Alƙahira a 1851, da Metagonimus da Haplorchis, waɗanda ƙwayayensu ke kama da waɗancan matuƙa, kuma su ma ta ɗanyen kifi ake ɗauka. Littattafai za su ce maka kafaɗar na hanta ta fi fitowa. Gaskiya ne a hoto. A kan gilashi mai cike da tarkacen abinci, magana ce daban. Ɗakin gwajin da ya san abin da yake yi yakan rubuta cewa ya ga ƙwai "irin na Fasciola ko Fasciolopsis", ya bar wa likita ya haɗa da tarihin majinyaci. Wanda bai taɓa fita daga Katsina ko Damagaram ba, babu dalilin da zai sa a zarge shi da Fasciolopsis.

An ga ƙwan a bayan gidana, amma ni lafiyata lau. Yaya ke nan?

Wannan ita ce tambayar da ta fi dacewa da mu a ƙasar Hausa, kuma ita ce na koya da kunya.

Ina sabon shiga aiki aka kawo mini samfurin wani dattijo da ya zo duba lafiyarsa kawai. Na haɗa gilashi, na leƙa, sai ga ƙwai manya-manya masu ruwan ɗorawa, har uku a fili ɗaya. Ban taɓa gani ba sai a littafi. Na auna, na ga murfin, na rubuta sakamako da hannuna yana rawa don murna, har na kai wa shugabanmu ya sa hannu. Ya leƙa, ya ce lallai ƙwan Fasciola ne, sannan ya sa a kira mutumin. Ya gaishe shi ya ce, "Baba, Allah ya ƙara lafiya. Shekaranjiya ko jiya, ka ci hanta?" Dattijon ya yi dariya ya ce, "Ɗana, ai ni kullum bayan isha'i sai na tsaya wajen mai tsire, kuma hanta nake sa a yanka mini." Aka ce ya haƙura da hanta mako guda ya dawo. Ya dawo, muka duba sau uku a ranaku daban-daban, babu ko ɗaya.

Abin da ya faru shi ne, hantar saniyar da ya ci tana cike da ƙwan tsutsa. Wuta ta kashe abin da ke ciki, amma ɓawon ƙwan ba ya narkewa a ciki, sai ya ratsa hanji ya fito yadda ya shiga. Baƙon ƙwai ne mai wucewa, ba na mai gida ba. Da an bi takardata, da an ɗora wa mutum mai lafiya cutar da ba shi da ita.

Haka ma ya fi faruwa da Dicrocoelium. Ƙwanta ƙarami ne, wajen 40, mai kauri, launin ƙasa-ƙasa mai duhu, gefe ɗaya ya ɗan fi ɗaya lanƙwasa. Kafin mutum ya kamu da ita da gaske sai ya haɗiye tururuwar da ke ɗauke da ita, abin da ba kasafai yake faruwa ba. Don haka mafi yawan lokutan da aka gan ta a bayan gidan mutum, daga hantar da ya ci ta fito. A ƙasar da hanta ke cikin tsire, balangu da farfesun kayan ciki, ni a ganina bai kamata a sa hannu a kan irin wannan sakamako ba sai an yi tambayar nan, an kuma sake gwaji bayan kwanaki ba tare da cin hanta ba.

Ni kuma akasin haka ne: cikina na ciwo ta dama, ga zazzaɓi, an duba bayan gida sau biyu ba a ga komai ba. Na tsira ke nan?

Ba lallai ba. Bayan an haɗiye ta, 'yar tsutsar takan huda bangon hanji, ta ratsa cikin ciki, ta huda hanta, ta yi makonni tana cin hanya a cikin naman hantar kafin ta isa hanyar matsarmama ta girma. Sai bayan wata 3 zuwa 4 take fara ƙwai. Kuma a wannan tsakanin ne mutum ya fi jin jiki: zazzaɓi mai zuwa yana komawa, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, hanta ta kumbura, borin jini, kasala, wani har da tari. Wato lokacin da ciwo ya fi tsanani shi ne lokacin da bayan gida ba zai nuna komai ba. Irin waɗannan majinyata su ne ake yi wa maganin maleriya, a koma na taifot, a sake komawa maleriya.

Ko bayan ta fara ƙwai, ba kullum suke fita ba, kuma a jikin mutum sau da yawa kaɗan ne, domin shi ba asalin masaukinta ba ne. Samfuri ɗaya bai isa a wanke mutum ba. Ana so a duba aƙalla uku a ranaku daban.

Wace hanyar duba bayan gida ce ta fi kama ta?

Wadda aka fi yi a ƙananan asibitoci, a ɗan lakato bayan gida da tsinke a dama da ɗigon ruwan gishiri a kan gilashi, ita ce mafi rauni. Abin da aka duba bai kai ƙwayar gero ba. Hanyar Kato-Katz da ake amfani da ita wajen binciken tsutsar ciki a makarantu ta fi ta, domin tana ɗaukar miligiram 41.7, a ƙirga ƙwai a ninka sau 24 a san adadinsu a giram ɗaya. Amma ita ma idan ƙwan kaɗan ne takan wuce shi.

Ɗalibai su lura da wannan: hanyar da ake sa ƙwai ya taso sama a ruwan gishiri mai kauri tana aiki da kyau ga ƙwan macijin ciki da na tsutsa mai ƙugiya, amma ba ta dace da ƙwai masu murfi ba. Nauyi gare su, kuma ruwan gishirin kan sa su lotse ko murfin ya buɗe su nutse. Su a ƙasa ake nemansu. Ko dai a tace da sinadaran fomalin da ether a juya a inji, ko a yi mai sauƙin: a dama da ruwa, a tace da rariya, a bari ya kwanta 'yan mintuna, a tsiyaye na sama, a maimaita har ruwan ya yi garau, sannan a duba laka ta ƙasa.

Abu biyu kuma nake roƙon duk mai leƙa madubi. Ya auna, kada ya yi kirdado. Madubin da ba shi da ma'auni a idonsa rabin madubi ne a wannan aiki. Sannan ya tabbatar da murfin. Ƙwan macijin ciki wanda bai samu namiji ba dogo ne, yana kaiwa wajen 90, wani lokaci babu ƙurajen nan na bayansa, kuma sabon hannu kan ɗauke shi a matsayin Fasciola. Ba shi da murfi. Idan ana shakka, a ɗan danna gilashin sama da bakin biro. Ƙwai mai murfi zai buɗe baki.

Gwajin jini fa, me yake nunawa?

Abu na farko yana cikin gwajin ƙirgar jini na yau da kullum, kuma ana yawan tsallake shi. Akwai wani nau'in fararen ƙwayoyin jini da ake kira iyosinofil, da ke hauhawa idan tsutsa na ratsa naman jiki. A lokacin da Fasciola ke cin hanya a cikin hanta, sukan yi sama ƙwarai. Maleriya, taifot da hepatitis ba sa ɗaga su. Tsutsar da ke kwance a cikin hanji kawai, irin tsila, ba ta cika ɗaga su sosai ba. Don haka zazzaɓi, ciwon dama da iyosinofil mai yawa, idan suka haɗu a mutum ɗaya, ya kamata likita ya tuna da tsutsar hanta ko da bayan gida bai ce komai ba. Sai dai alama ce kawai, domin sabuwar tsargiya da wasu tsutsotsin ma suna yin haka.

Na biyu shi ne gwajin ELISA mai neman garkuwar da jiki ya haɗa don yaƙar Fasciola. Yana fara nunawa tun mako 2 zuwa 4 bayan kamuwa, watanni kafin ƙwai ya bayyana. Kuma shi ne ke raba gardama tsakanin Fasciola da Fasciolopsis, haka nan tsakanin mai cutar da wanda hanta kawai ya ci. Rauninsa biyu ne: garkuwar na daɗewa a jini bayan an warke, kuma tsofaffin nau'o'in gwajin kan ruɗe da tsargiya, abin da ke da muhimmanci a wurarenmu. Akwai kuma gwajin da ke neman sinadarin da tsutsar ke fitarwa a cikin bayan gida, wanda ke nuna cewa tana raye a yanzu, da gwajin PCR mai karanta ƙwayar halittarta, wanda ke rarrabe ƙananan ƙwayayen nan na Asiya ba tare da tantama ba. Waɗannan sai a manyan cibiyoyin bincike.

Ai tsargiya ma an ce tana lalata hanta. Yaya ake bambanta su?

A madubi wannan mai sauƙi ne. Tsargiyar hanji, Schistosoma mansoni, ƙwanta ya yi kusan girman na Fasciola, amma ba shi da murfi, kuma yana da ƙaya babba a gefe da ko ɗalibin shekarar farko zai gane. Ta fitsarin jini kuwa ƙayarta a ƙarshe take.

A jiki ma aikinsu daban. Tsargiya a cikin jijiyoyin jini take zaune, ƙwayayenta ne ke maƙalewa a hanta su sa ta yi tabo a kewayen jijiyoyin, bayan shekaru saifa ta kumbura, ciki ya tara ruwa, wani ya yi aman jini. Tsutsar hanta hanyar matsarmama take toshewa: murɗar ciki ta dama mai tsanani, shawara mai zuwa tana tafiya, zazzaɓi da rawar ɗari idan hanyar ta ruɓe. Abin da ke wahalarwa shi ne mazaunin fadama ko bakin madatsar ruwa na iya ɗaukar duka biyun, a ga ƙwan tsargiya a tsaya nan, a manta da ɗayar.

An yi mini sikanin an ce akwai tabo a hantata. Hoton ba zai faɗi ko mece ce ba?

Yana taimakawa, amma ba ya yanke hukunci shi kaɗai. A farkon ciwon, hoton CT kan nuna ƙananan ramuka a jere kamar sawun gara, sun taso daga bayan hanta suna nufar ciki. A ƙarshe kuma sikanin kan nuna hanyar matsarmama ta buɗe ta yi kauri, wani lokaci a ga abu mai kama da ganye yana motsi a cikin matsarmamar. Ana ruɗa waɗannan da tsakuwar matsarmama, da ciwon daji, da kuma ƙurjin hanta na amiba, wato ƙwayar da ke sa atini. Ƙurjin amiba yawanci ɗaya ne babba, kuma ba ya ɗaga iyosinofil. An sha gano tsutsar ne a lokacin da likita ya zura bututu mai kyamara ta baki don cire abin da ya ɗauka tsakuwa ce, sai ya zaro ta da rai.

Ina zuwa birnin Gwanzu na ƙasar Sin sayen kaya. Wannan ya shafe ni?

Idan kana cin ɗanyen kifi a can, ƙwarai kuwa. Lardin Guangdong, inda birnin yake, yana cikin wuraren da Clonorchis ta fi yawa a duniya, saboda al'adar cin kifin ruwan daɗi da aka yanka siriri ba a dafa ba. Opisthorchis viverrini kuma tana arewa maso gabashin Tailan da Lawos, 'yar uwarta tana Saiberiya. Sukan zauna a jiki shekaru 20 ko fiye ba tare da wata alama mai ƙarfi ba, kuma hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa Opisthorchis viverrini cikin abubuwan da tabbas ke jawo ciwon dajin hanyar matsarmama tun 1994, ta ƙara Clonorchis a 2009. Wannan shi ne dalilin da ya sa ƙaramin ƙwan nan ba a wasa da shi: idan na Heterophyes ne, abin gudawa ne da ciwon ciki, idan na Clonorchis ne, magana ce ta duba hanta da bibiya. Gishiri, lemon tsami da yaji ba sa kashe su, dahuwa ce ke yi. Idan ka je asibiti a gida, ka faɗi tafiye-tafiyenka ko ba a tambaye ka ba.

Me zai hana a ba da maganin tsutsa ɗaya a huta da duk wannan bincike?

Saboda babu maganin da ke kashe su duka, kuma nan ne kuskuren ganewa ke zama cutarwa. Albendazole da mebendazole da ake saya a kemis na macijin ciki ne da danginsa. Praziquantel, wanda ake raba wa 'yan makaranta don tsargiya, yana kashe tsargiya, tsila, Clonorchis, Opisthorchis, Fasciolopsis da ƙananan na hanji. Ita Fasciola kaɗai ce a cikin dangin ba ya yi mata abin kirki. Maganinta triclabendazole ne, miligiram 10 a kowane kilo na nauyin mutum, tare da abinci, kuma likita na iya maimaitawa bayan awa 12.

Ka ga ke nan ƙwai biyu da ba a iya rarrabewa a madubi, magungunansu daban ne. Wanda aka ba praziquantel alhali Fasciola gare shi zai koma gida da tabbacin an yi masa magani, tsutsar kuwa tana nan. Triclabendazole na mutane ba a cika samunsa a kanti ba. Yawanci ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya da ma'aikatun lafiya yake zuwa. Ina roƙon kowa kada wannan ya sa ya sha na dabbobi da ake sayarwa a kasuwar shanu, domin ƙarfinsa da abubuwan da aka haɗa shi da su ba don mutum aka yi ba.

Ni makiyayi ne. Saniyata ta rame, haɓarta ta kumbura, na yi mata allurar tsutsa ba ta tashi ba. Hanta ce?

Tana iya zama, musamman idan ta yi rani a fadama ko bakin tafki. Amma kumburin haɓa da farin ido alamar ƙarewar jini ce, kuma tsutsar ciki mai shan jini, Haemonchus, tana kawo irinta, musamman ga tumaki da awaki da damina. Idan allurar da ka yi ivermectin ce zalla, ba ta taɓa tsutsar hanta ko kaɗan.

A kashin shanu ma akwai tagwaye. Duk wanda ya taɓa wanke tumbi ya ga waɗansu 'yan jajayen abubuwa kamar ƙwayar wake a manne tsakanin gashin tumbin. Tsutsar tumbi ke nan, kuma ƙwanta girmansa da murfinsa kamar na tsutsar hanta. Launi ne ke raba su. Idan aka tace kashin aka ɗiga shuɗin sinadarin methylene, tarkace zai yi shuɗi, ƙwan tsutsar hanta ya tsaya da ruwan zinarensa, na tumbi kuma ya fito fari-fari kamar toka. Bambancin na da amfani ga aljihunka: triclabendazole na kashe tsutsar hanta manya da ƙanana amma ba ya yi wa ta tumbi komai, oxyclozanide kuwa yana taɓa ta tumbi da manyan na hanta. Ka kai kashin dabbobi uku ko huɗu ga malamin dabbobi kafin ka sayi magani, kuma ka kiyaye kwanakin da aka rubuta a kwalba kafin a sha nono ko a yanka.

Mu mahauta muna ganinta a kwata. Hantar da aka samu da ita, a zubar ko a sayar?

Kun fi mu saninta da ido: hantar da hanyoyinta suka yi fari suka yi tauri kamar bututu, wuƙa na ƙara idan ta ratsa, a matsa sai tsutsa ta zamo da baƙin ruwa. Wadda ta lalace haka ba abinci ba ce, kuma hukuncin mai duba nama ne a cire ta. Dafaffiyar hanta ba ta sa wa mutum cutar, domin matakin da ke kama mutum a jikin ganye yake. Illa dai ta bar masa baƙon ƙwan da ya ruɗe ni a kan dattijon nan. Ɗanya ce abin gudu. 'Yan uwanmu na Sudan sun san marara, ɗanyen kayan ciki da ake ci da yaji da lemon tsami, da kuma shaƙewar maƙogwaro da ƙaiƙayi da kan biyo bayanta. An daɗe ana ɗora wa tsutsar hanta laifin, amma bincike ya fi nuna wata halitta daban mai suna Linguatula. Kuma kada a jefa hantar da aka cire ko a wanke kayan ciki a rafin da shanu ke sha, domin ƙwan ruwa yake nema.

Na sha maganin. Ta yaya zan san na rabu da ita?

Kwanaki kaɗan bayan shan triclabendazole wasu kan ji murɗa mai ƙarfi ta dama. Matattun tsutsotsin ne ke fita ta siririyar hanya. A gaya wa likita, musamman idan ido ya yi ɗorawa ko zazzaɓi ya taso. Bayan wata 1 zuwa 3 a sake duba bayan gida, samfuri uku, ta hanyar tacewa, kuma a bar hanta mako guda kafin a kawo. Iyosinofil ya kamata ya riƙa sauka a hankali. Gwajin garkuwa kuwa kada a yi saurin maimaita shi, yana iya ci gaba da nunawa watanni da yawa bayan tsutsar ta mutu. Idan ƙwai ya sake bayyana, likita zai duba ko a ƙara zagaye na biyu, kuma ya kamata a gwada sauran mutanen gidan da kuke cin latas ɗin lambu ɗaya ko shan ruwan tafki ɗaya.